Nasiha Ga Ɗalibin Da Ke Tunanin Barin Makaranta

Da ku nake magana, ku da kuke tsakanin manyan azuzuwan firamare da ƙarshen sakandare, musamman wanda zuciyarsa ta fara raya masa cewa zuwa makarantar nan ɓata lokaci ne. Ba zan ce muku makarantunmu lafiya ƙalau suke ba, domin ku ne kuke zama a cikinsu, kun fi kowa sanin inda rufi yake yoyo da ranar da malami ba ya zuwa. Abu guda nake so ku riƙe da kyau: duk yadda makaranta ta lalace, wanda ya bar ta shi yake ɗaukar asarar. Waɗanda suka yi sakaci har ta lalace ba abin da zai same su don kun daina zuwa, galibinsu ma 'ya'yansu suna makarantun kuɗi, wasu a ƙasashen waje.

Ku fara sanin girman abin. Shekara da shekaru Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya yi ta cewa yara kimanin miliyan 10.5 'yan shekara 5 zuwa 14 ba sa zuwa makaranta a Najeriya. A 2022 hukumar UNESCO, da ta haɗa har da 'yan sakandare, ta ƙiyasta kimanin miliyan 20. Mafi yawansu a Arewa suke, a Arewa maso Yamma da Arewa maso Gabas. A cikinsu akwai waɗanda ba a taɓa rubuta sunansu a rajista ba, akwai kuma masu ɗimbin yawa da suka shiga aji ɗaya da sabon yunifom da ɗan allonsu, amma ba su kai aji shida ba, ko suka gama firamare suka tsaya nan. Rukuni na biyun nan shi nake jiye muku tsoron faɗawa.

Ba alƙawari aka rasa ba. A 1976 gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wanda iyayenku suke kira UPE. Yaran da suka fito sun zarce lissafin da aka yi, aka shiga gina azuzuwa da horar da malamai cikin gaggawa, da kuɗin mai ya ja baya kuma sai shirin ya yi ta tangal-tangal. A 2004 aka sa hannu kan dokar UBE, wadda ta ce karatun shekara tara, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma wajibi ne, har ta tanadi hukunci ga uban da ya ƙi sa ɗansa. Dokar ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya ga hukumar UBEC domin tallafa wa jihohi, bisa sharaɗin kowace jiha ta ajiye daidai abin da za ta karɓa. Jihohi da dama sukan kasa cika wannan sharaɗi, sai biliyoyin naira su yi ta zama a Abuja alhali yara suna zaune a ƙasa. Ƙasashen duniya sun amince a 2015 cewa ya dace ilimi ya samu kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na abin da gwamnati ke kashewa, amma shekaru da yawa kason ilimi a kasafin Gwamnatin Tarayya bai kai kashi 10 ba. Ku san wannan, domin karatun da kuke nema haƙƙinku ne a dokar ƙasa, ba alfarma ake yi muku ba.

Yanzu mu leƙa aji huɗu a wata firamaren gwamnati, irin wadda ba ta ƙarewa a ƙauyukanmu da unguwannin bayan gari. Iskar farkon damina ta yaye rabin kwanon rufin tun bara, ba a gyara ba. Benci uku ne suka rage, manyan yara sun kama, sauran sun zauna a kan simintin da ya farfashe, wasu sun shimfiɗa buhun da suka zo da shi daga gida. Allon bango ne da aka shafa wa baƙi, ya koɗe har alli ba ya fita sosai. Yara sun haura ɗari, malami ɗaya ne. Ya rubuta darasi da Turanci, ya karanta, suka amsa da murya ɗaya har ana jiyo su daga bakin titi. Sannan ya ce a kwafa. Yaron da ke can baya yana zana haruffan ɗaya bayan ɗaya yadda ya gan su, littafinsa ya cika da rubutu mai kyau, amma in ka nuna masa kalma guda ka ce ya karanta, sai ya sunkuyar da kai. Ba bayan gida, ba ruwan sha. Da an fita tara, wasu daga cikin 'yan ajin ba sa dawowa.

Kada ku yi saurin ɗora wa malamin laifi duka. A 2017 Gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa da tambayoyin aji huɗu, sama da 21,000 ba su kai makin da aka gindaya ba. Labarin ya girgiza mutane, amma tambayar da ta kamata ita ce wa ya ɗauke su aiki, kuma ta wace hanya. Inda aka mayar da aikin koyarwa abin rabawa ga 'yan siyasa da 'yan uwa, inda albashi ba ya kai malami tsakiyar wata, wani lokacin ma a yi watanni ba a biya ba, dole mai ƙwazo ya nemi wani aiki, wanda ya rage kuma hankalinsa ya rabu tsakanin aji da gona ko acaɓa. A da ba haka abin yake ba. Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa malamin makaranta ne, haka Sa Ahmadu Bello Sardauna, haka Malam Aminu Kano da Malam Sa'adu Zungur da Alhaji Shehu Shagari. Daga gaban allo suka fito suka jagoranci al'umma. Har yau kuma, a kusan kowace makaranta akwai malami ɗaya ko biyu da suke koyarwa tsakani da Allah. Ku nemo su, ku manne musu.

Wancan yaron na bayan aji shi ne asalin labarin barin makaranta. Ba wanda yake tashi da safe ɗaya ya ce daga yau ya daina karatu. Abin yana shiga ne a hankali, yadda gara take cin azara ta ciki, sai ranar da ɗaki ya rufta mutane su ce ba zato ba tsammani. Yaro ya wuce aji uku bai iya haɗa baƙi ba, aka ciyar da shi gaba don ba a maimaita aji. A aji biyar darasi ya yi masa nisa, ya fara jin kunyar a tashe shi ya yi karatu 'yan aji su yi masa dariya. Sai ya fara fashin ranar kasuwa. Damina ta faɗi, ya tafi gona wata biyu. Ya dawo ya tarar an yi nisa, ga bulalar makara, ga kuɗin jarrabawa da ba a biya ba. Mahaifinsa ya duba ya ga shekara biyar ana sayen littafi amma yaro ba ya iya karanta masa saƙon da aka turo a waya, sai ya ce, to amfanin me? Ranar da ya daina zuwa gaba ɗaya ba wanda ya zo gida ya tambaya.

Talauci kuma yana nan yana tura shi. An ce karatu kyauta ne, amma akwai yunifom da takalmi da littattafai, akwai kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai, akwai kuɗin tsintsiya da na alli da na kati, in an kai ƙarshen sakandare ga kuɗin WAEC da NECO da ya fi ƙarfin magidanta da yawa. A ƙauyuka da dama firamare ce kawai a kusa, mai son ƙaramar sakandare sai ya taka tafiya mai nisa ko ya biya kuɗin mota, wanda ya ninka tun da aka cire tallafin man fetur a 2023. A gefe guda ga kuɗi a fili yana kiran yaro: turin baro a kasuwa, yaron mota a tasha, jari-bola, zaman shagon caji da POS, ko ramin haƙar zinariya. Ku tuna a 2010 gubar dalma daga aikin zinariya ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara. Kuɗin da yaro ɗan shekara goma sha uku yake samu a yini yana yi masa yawa a ido, amma shi ne dai zai riƙa samu yana ɗan shekara talatin, ga mata ga 'ya'ya, ƙarfi kuma ya fara raguwa.

Sai babban tashin hankali, wato rashin tsaro. A Fabrairun 2014 aka kashe ɗalibai a kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Buni Yadi a Yobe. A Afrilun shekarar aka sace 'yan mata 276 a Chibok, a 2018 aka kwashe 110 a Dapchi, a Disambar 2020 aka tafi da yara maza sama da 300 daga Ƙanƙara, a 2021 aka sace 'yan mata 279 a Jangebe, a 2024 kuma aka shiga Kuriga a Jihar Kaduna. Bayan irin waɗannan hare-hare an rufe makarantun kwana da dama, iyaye da yawa kuma suka ce ba da 'ya'yansu ba. Ba mai hankalin da zai zargi uwar da ta hana 'yarta kwana a makarantar da ba katanga. Amma ku lura da abin da masu wannan ta'asa suke so. Wasunsu sun fito fili sun ce gaba suke yi da karatun, wasu kuma cikin samarin da ba karatu ba sana'a suke samun masu ɗaukar musu bindiga. In makarantarku ta rufe saboda tsaro, ku roƙi iyaye a mayar da ku ta jeka-ka-dawo a gari mafi kusa, ko wajen wani ɗan uwa. Kada rufewar wata uku ta zama ta har abada.

Ke kuma 'yata, nauyinki ya fi na ɗan uwanki. Ke ce da talla da safe, ke ce da ɗebo ruwa da raino, kuma ranar da kuɗi ya gaza, sunanki ake fara cirewa. Makarantar da ba ta da bayan gida mai sirri tana korar yarinya da zarar ta fara girma, ko ba wanda ya ce mata ta tafi. In wani ya ce miki karatun mace baƙon abu ne a ƙasar nan, ki tuna masa da Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa tsarin 'Yan Taru, inda malamai mata da ake kira jaji suke bin ƙauyuka suna karantar da mata a gidajensu. Ki tambaye shi kuma, in matarsa ta zo haihuwa, wa yake so ya karɓe ta a asibiti? Ungozoma da likita mace da malamar makarantar 'yan mata ba daga sama suke faɗowa ba, daga cikinku za su fito. In maganar aure ta taso, aure alheri ne, amma ki nemi wata babba da iyayenki ke jin maganarta, gwaggo ko inna ko malamar Islamiyya, a sa maganar ci gaba da karatunki cikin abin da za a daidaita a kai tun kafin a ɗaura, a gaban waliyyai. Alƙawarin da saurayi ya yi a zaure shi kaɗai ba ya cika zama abin dogaro.

Na san maganar da take yawo a majalisa da bakin tasha: wane da ya yi digiri me ya tsinana, ga shi can yana tuƙa adaidaita sahu. Akwai gaskiya a ciki. Aikin gwamnati ya yi ƙaranci, wanda ake samu ma sau da yawa sai da hanya, jami'o'i kuma sun sha yajin aiki, na 2022 kaɗai wata takwas ya ɗauka. Amma a duba da kyau. Mai digirin da ke tuƙa adaidaita yana karanta yarjejeniyar da ya sa wa hannu da mai mashin, yana lissafin balas ɗinsa, kuma ranar da wata dama ta buɗe yana da takardar da zai miƙa. Abokinsa da ya tsaya a aji huɗu ba shi da wannan ƙofa. Yau ɗan kasuwar Kantin Kwari da Singa da Dawanau da waya yake ciniki, ta banki ake turo masa kuɗi. Manomi yana bukatar karanta abin da aka rubuta a jikin maganin feshi, uwa tana bukatar gane awon maganin da aka rubuta wa jaririnta. Aikin soja da ɗan sanda da makarantar koyon aikin jinya duk sai da takardar sakandare. Wanda bai iya karatu da lissafi ba, kullum asirinsa a hannun wani yake, sai ya miƙa wayarsa da lambar sirrinsa a duba masa.

Saboda haka ga abin da nake roƙonku. Da farko, kowa ya gwada kansa tsakaninsa da Allah. Ɗauki littafin Hausa, ko Magana Jari Ce ta Abubakar Imam ko wani, ka karanta shafi guda, ka rufe, ka faɗi abin da ka fahimta. In ka kasa, ba abin kunya ba ne, ba kuma dakikanci ba ne, ba a koya maka yadda ya kamata ba ne. Nemi wanda zai zauna da kai rabin awa kullum bayan la'asar ko bayan isha'i, yayanka ko maƙwabci ko malami. Fara da harshen da kake tunani da shi, domin wanda ya iya karanta Hausa da kyau Turanci ba ya yi masa wuyar kamawa. Wanda ya iya haɗa baƙi a makarantar allo ya riga ya nuna ƙwaƙwalwarsa tana ja. Cikin 'yan watanni za ka ga aji ya daina zama maka wurin azaba.

Na biyu, ku tsare zuwa kullum, ko malami ya zo ko bai zo ba. Ranar da bai zo ba, ku haɗu ku huɗu ko biyar, wanda ya fi gane lissafi ya koya wa saura, wanda ya fi Turanci ya biya musu. In dole sai kun nemi kuɗi, ku nema, sana'a ba ta taɓa zama abin kunya a ƙasar Hausa ba. Amma a tsara ta: makaranta da safe, shagon ɗinki ko garejin gyaran mota ko kasuwa da yamma da ranakun hutu. Ku gaya wa maigidan da kuke koyon aiki a wajensa tun ranar farko cewa kuna makaranta. Mutumin kirki zai ɗaga muku ƙafa, wanda ya ce sai dai ku zaɓi ɗaya kuwa ba alherinku yake nema ba.

Na uku, ku guji satar amsa. Ta zama ruwan dare, har akwai cibiyoyin da ake biyan kuɗi a rubuta wa ɗalibai amsa a allo. Wanda ya fito da sakamako mai kyau ta wannan hanya ya cuci kansa, domin a gaba akwai jarrabawar JAMB a gaban kwamfuta, akwai aji a jami'a, akwai ranar da za a ba shi aiki a ce ya yi. In kuma ya zama malami da wannan takarda, yara ɗari ne za su zauna a gabansa su tashi ba su iya komai ba.

Na huɗu, kada ku yanke shawarar bari ku kaɗai. In kuɗin jarrabawa ne ya gagara, ku faɗa wa hedimasta ko shugaban makaranta, ku faɗa wa kawu ko baffa, a kai maganar ga mai unguwa ko liman ko ƙungiyar tsofaffin ɗalibai. Makarantu da yawa suna da kwamitin al'umma mai kula da su. Sau da yawa abin da ke raba yaro da karatu bai kai kuɗin da ake kashewa a yinin biki guda ba, kuma akwai masu taimakawa in sun ji. Shiru ne yake kashe maganar. Haka in kun ga kujerar abokinku ta yi mako ba kowa, ku je gidansu ku gaishe da iyayensa cikin ladabi, ku tambayi lafiya, ku biyo masa da safe.

Kai kuma da ka riga ka bari, ko shekara nawa aka yi, ƙofa ba ta rufe ba. Gemu ba ya hana ilimi. Tun 1980, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, Jihar Kano ta kafa hukumar ilimin manya, yau kuma jihohi suna da irinta, da azuzuwan yamma da makarantun matan aure. WAEC da NECO suna da jarrabawar masu zaman kansu, NABTEB tana ba da takardar sana'a, akwai kuma Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN, da mutum zai yi karatu yana aikinsa. Zama aji ɗaya da waɗanda ka girma yana da nauyi na mako ɗaya ko biyu, rashin karatu kuwa nauyinsa har tsufa.

Ku da Allah ya sa kuka yi nisa, kuna babbar sakandare ko gaba da ita, akwai bashi a kanku. A gidanku akwai ƙane ko ƙanwa da ke cika littafi da rubutun da ba sa iya karantawa. A ƙofar gidanku akwai almajirin da ke muku wanki da aike, mai kaifin haddar da ta isa ya koyi karatun boko da lissafi cikin ɗan lokaci in ya samu mai nuna masa. Gwamnati ta gina makarantun tsangaya na zamani tun 2012, ta kafa hukumar almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta a 2023, amma kafin aikinsu ya iso layinku, ku kuna nan. Kowa ya ɗauki yaro ɗaya ya koya masa. Idan kuma kun kai shekara 18 kun karɓi katin zaɓe, duk wanda ya zo neman ƙuri'a ku tambaye shi, cikin mutunci, malamai nawa ne a firamaren garinku, yaushe za a rufa ajin da iska ta yaye, kuma jiharku ta karɓo kasonta na UBEC ko ba ta karɓo ba.

Ƙannena da 'ya'yana, gyaran makarantun ƙasar nan zai ɗauki shekaru, ƙuruciyarku kuwa ba za ta jira ba. Ku yi karatu a makarantar da kuke da ita yau, da malamin da kuke da shi yau, domin masu gyara ta gobe daga cikin waɗanda suka daure suka gama za su fito. Gobe da safe ku ɗauki jakarku ku tafi, ku kuma biya wa wanda ya daina zuwa. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba ku ilimi mai amfani, ya yi muku albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.